Gyambon Cikin Goggo Hamsatu

Akwati na uku ne ya kashe hayaniyar. Biyun farko an buɗe su a tsakar gida ana shewa: turaruka, takalma, lesuka na bikin Yasmin. Da Lailatu ta zuge na ukun, sai ta tarar da fararen kwalaye jere, da auduga, da wani fayil mai kauri. Ta buɗe kwali ɗaya, ta zaro wata 'yar jaka ta roba mai zagayayyen baki.

"Adda, wannan fa na mene ne?"

Hamsatu na zaune a kan tabarma, ƙafafunta sun kumbura da zaman jirgi da na mota. Shekara goma sha tara ta yi a Leeds ta ƙasar Ingila tana aikin kula da tsofaffi, tun bayan rasuwar mijinta, kuma da guminta wannan gida na Ƙofar Wambai ya tashi daga ginin laka zuwa na bulo. Ta dubi Lailatu, matar ƙaninta, ta dubi maƙwabtan da suka cika gidan, ta ce a bari sai baƙi sun watse.

Bayan la'asar ta kira ƙaninta Badruddeen da Lailatu ɗaki, ta faɗa musu komai. Ciwon daji ne a hanji, ya riga ya taɓa hanta. An yi mata aiki, an fito da bakin hanjin ta gefen ciki, jakar nan ita ke karɓar bahayanta. Likitocin can sun ce ba za su iya raba ta da ciwon ba, sai dai su riƙe shi da maganin da ake ɗurawa ta jijiya duk bayan mako biyu. An haɗa ta da wani asibiti a nan Bauchi da zai ci gaba. Ta ce ta dawo ne don ta gaji da farkawa a ɗakin da babu mai yi mata sannu da Hausa.

Badruddeen ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ba jikinta ya tambaya ba. Ya ce saura wata biyu bikin 'yarsa Yasmin, kuma dangin mijin mutane ne masu bin diddigi. Idan suka ji daji a gidan, za su ce gado ne.

"Don Allah Adda, ki rufa mana asiri. Duk wanda ya tambaya, gyambon ciki ne."

* * *

Haka sunan ya bi ta. Masu zuwa dubiya sukan ce ta rage yaji, ta riƙa shan madara. Wata tsohuwa ta ce ai gyambo ba ya kwantar da mutum, sai dai son jiki irin na 'yan Turai. Hamsatu takan yi murmushi ta ce to.

A cikin gida kuwa, inda aka san gaskiya, abin ya sake launi. Aka mayar da ita ɗakin baya kusa da rijiya, wai ya fi iska. Aka ware mata kofi da buta. Lailatu ta daina barinta ta taɓa tukunya, ta kuma taɓa tambayarta, cikin ladabi, ko sallar mai ɗauke da irin wannan jaka tana karɓuwa. Hamsatu ta ce ta tambayi malamai tun a can, sun ce lalura ce. Lailatu ta gyaɗa kai, amma daga ranar ta daina shimfiɗa sallayarta kusa da tata.

Ranar ɗurin farko likita ya ce ta riƙa zuwa da wani, domin maganin yana galabaitar da mutum. Ya kuma ce 'yan uwanta na jini su zo a duba su, tunda irin wannan ciwon idan aka kama shi da wuri ana warkewa. Ta kai wa Badruddeen saƙon tana murna, a ganinta kyauta ce ta kawo masa. Ya miƙe tsaye, ya ce shi lafiyarsa ƙalau, kada ta ja masa abin da Allah bai ɗora masa ba. Batun raka ta kuma, in aka gan shi a wannan sashen na asibiti, magana ta fita.

Don haka ita kaɗai take hawa keke napep, fayil ɗinta a cinya. Awa huɗu take yi a kan kujera, ruwan magani na ɗiga, yatsunta na yin sanyi suna zugi kamar ana soka mata allura. Nas Phoebe, wata 'yar Bogoro mai yawan raha, ita ce ta lura.

"Mama, yau ma ba wanda ya zo da ke?"

"Suna hidimar biki, 'yata."

Phoebe ba ta ƙara tambaya ba. Ta dai fara cin abincinta na rana a gefen kujerar Hamsatu, tana ba ta labarin tsadar tumatir. A can Leeds, Hamsatu ta riƙe hannun tsofaffi da yawa da 'ya'yansu suka manta da su, tana ce wa ranta mu a gida ba ma yin haka.

* * *

Ranar ɗaurin aure ta faɗo kwana biyu bayan ɗuri na huɗu. Duk da jiri, Hamsatu ta tashi da sassafe ta canza jakarta, ta yi wanka, ta fesa turare har sau biyu. Ta sa ankon da ta saya da kanta, ta yafa gyale a kan kafaɗun da suka zama ƙashi. Yasmin ta taso a hannunta ta waya, tun tana koyon cewa Goggo.

Tana ɗaura ɗankwali Lailatu ta leƙo. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba. Ta ce gidan ya cika maƙil, ga zafi, ga dangin ango, kuma mutum bai san lokacin da jakar za ta yi ƙara ko wari ba. Gara Adda ta huta, za a kawo mata abinci.

Hamsatu ta buɗe baki, sai ta ga idon Lailatu cike da tsoro, ba ƙiyayya ba. Ta ce to.

Ta zauna a bakin gado da kwalliyarta. Ta ji guɗa, ta ji mai hoto yana cewa a matso, dogaye su koma baya. Ta ji muryar Yasmin sau ɗaya tana tambayar ina Goggo, wani ya ce tana barci, gyambon ne ya tashi.

Wajen azahar wayarta ta yi ƙara. Hoto ne Badruddeen ya tura a zauren dangi: mutum kusan arba'in a tsakar gida, amarya a tsakiya, kowa na dariya. A ƙasa ya rubuta, "Alhamdulillahi, duk dangi sun hallara."

Hamsatu ta buɗa hoton da yatsu biyu, tana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya. Can a kusurwa, bayan kafaɗar wani, ta hango ƙofar ɗakinta a rufe.