Ɗigo Takwas na Gajere

Ranar da Gajere ya tafi Kankiya, a kan jaki aka ɗora shi kamar buhun gyaɗa, yana cizon wuyan rigarsa. Da la'asar sai ga shi ya shigo ƙauyensu, Boko, da ƙafarsa, yana jan jakin da igiya, yana yi masa waƙar soja. Mata masu ɗibar ruwa suka sauke tuluna suka bi shi da kallo. Ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yara, ya tambayi awaki, har wadda suka yi shekara ba sa ga maciji da mijinta sai da ta sami tata gaisuwar.

Shekararsa biyu da dawowa daga yaƙin Bama, inda Turawa suka kai su soja. Can ne ɓarɓashin ƙarfe ya shige masa cinyar hagu. An cire ƙarfen, rauni ya warke, amma jijiyar ta ce ba ta san zancen ba. Daga ƙugu har babban yatsa wuta take ci, ko wando ne ya goge shi sai ya yi salati. An yi ƙaho, an yi sakiya, an sha rubutu, an sha sassaƙe har ya rasa bambancin ɗaci da bauri. Gonar ubansa kuwa dangi ke noma masa, shi yana zaure yana karɓar sannu. Wannan ya fi jijiyar cin ransa, domin kafin a ɗauke shi soja babu saurayin da ke riga shi kai ƙarshen kuyya in ana noma.

A ɗakin shan magani na Kankiya ya dace da likita Bature mai zuwa daga Katsina sau ɗaya a wata. Likita ya daddanna ƙafar, ya yi rubutu, ya miƙa wa malamin asibiti, Malam Sada. Shi kuma ya fito da wata 'yar kwalba mai ruwa baƙi-baƙi, ya ce Turawa na kiransa lodanam, daga wani fure ake tatso shi.

"Ɗigo takwas cikin ruwa, sahe da marece," in ji Malam Sada. "Kai ɗai, Gajere. Wanga ba tsimi ba ne, in ya yi yawa kisa shikai. In ka bi ƙa'ida shina kai ka wata guda. In ka ƙaras, babu wani sai likita ya komo."

Gajere ya sha na farko nan take. Bai kai rabin hanya ba ya ji wutar tana mutuwa, kansa ya yi sakayau. Ya sauko daga jaki ya taka, ya sake takawa, sai dariya ta ƙwace masa shi kaɗai a tsakiyar gonakin mutane.

Kafin ya cire takalmi a gida ya riga ya shelanta gayya. Nan da kwana ashirin za a yi maimai, wato noma na biyu, a gonarsa, kuma shi da hannunsa zai kama kuyyar farko. Matarsa Sa'a ta ce ya bari ya ga kamun ludayin maganin tukuna. Ina, wanda ya shekara biyu bai yi tsalle ba ai ba ya jin bari. Ta karɓi kwalbar ta ɗaura mata zare daidai inda ruwan ya tsaya, ta tura ta bayan tukunyar daddawa.

Washegari 'yan barka suka cika zaure. To, a Boko ba a rowar magani. Wanda ya sami sauƙi ya ɓoye abin da ya sha, har jikokinsa sai an goranta musu. Bube, makiyayin da ke tsare masa saniya ɗaya, shi ya fara. Ya zo da ƙwaryar nono da kumburarren kunci, ya zauna yana riƙe da muƙamuƙi, bai roƙi komai ba. Gajere ya ga ɗigo biyu me za su rage. Kafin azahar Bube na jingine da bango yana lissafa wa jama'a sunayen shanunsa da na iyayensu mata, yana ƙyalƙyala dariya a kan kowace. Da zai tafi ya manta sandarsa, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro.

Shi ke nan, ƙofa ta buɗu. Tsoho Hussaini ya kawo gwiwarsa, ya sha, ya yi barci a zaune da goro a baki yana murmushi. Mai ciwon baya ya zo, mai ciwon kai ya zo, wanda lafiyarsa ƙalau ma ya tuna cewa bara ya taɓa faɗowa daga rumbu. Ba mai cewa na gode, don ba a yi wa magani godiya, sai dai a lashe baki a yi addu'a. Mako guda unguwar ta zama wata iri. Maƙwabta biyu da ke rigimar iyakar gona tun zamanin iyayensu aka gan su ƙarƙashin tsamiya kowa na roƙon ɗan'uwansa ya ƙara taku biyu. Illa ɗaya aka gani, ciki ya ɗaure wa kowa. Aka bi filaskon bakin fadama aka tsinke shi kaf, gaisuwar safe ta koma tambayar ko an samu fita.

Gaskiya Gajere ya ji daɗi. Shekara biyu ana zuwa zaurensa don tausayi, yau ana zuwa don buƙata, har ana ce masa Likita. Yakan ɗaga kwalbar sama, ya kanne ido ɗaya yadda ya ga Malam Sada na yi, ya ƙirga ɗigo da Turancin bariki, jama'a na amsawa.

Ranar kwana na goma Sa'a ta kira shi ɗaki ta nuna masa zaren. Ruwan ya sauka ƙasa da rabi, nesa da inda ya kamata. Ta ce in yana son ya riƙe garma ranar gayya to ya rufe asibitinsa yau. Ya duba, ya ga gaskiyarta. Ya rage nasa ya koma ɗigo biyar, ya fita ya ce wa 'yan zaure magani ya ƙare. Ƙaryar ta yi masa nauyi, amma ya yi ta.

Kwana biyu da haka sai ga Inno, uwar Sa'a, daga Kaikai. Labari ya kai can. Inno ba ta roƙi komai ba, ina suruka za ta roƙi mijin 'yarta. Ta dai shige ɗakin Sa'a, duk sa'ad da ta ji takunsa a tsakar gida sai ta saki nishi, ta ambaci bayanta da ƙarfin da zai tsallake zana. Gajere ya sunkuyar da kai ya wuce, ya dawo ya sake wucewa. Sa'a mai tsaron kwalba ta kau da kai, domin uwa uwa ce. A rana ta biyu ya kasa. Ya ɗiga a moɗa, ya miƙa hannu ta bayan zana yana kallon katanga.

Inno ta yi kwana biyar, safe da yamma. Tsohuwar da aka sauko da ita daga jaki aka gan ta tana daka tana cilla taɓarya sama tana tafi. Ranar da za ta koma ta tuna, da ƙarfi, cewa ƙanwarta ma ba ta iya miƙewa. Ya zuba mata a ɗan duma.

Saura kwana biyu gayya ya ɗauraye kwalbar da ruwa ya shanye. Jijiyar ta dawo da fushin wanda aka kora daga gidansa, ta zo da hamma da zufa da majina. Kankiya ba amfanin zuwa, likita sai nan da kwana goma sha biyu.

Boko ba ta taɓa ganin gayya irin ta Gajere ba. Duk wanda ya taɓa lasar ɗigo ya zo da garmarsa, ya jawo ƙannensa. Shi kuwa tun da sassafe ya hau jaki ya riga kowa, ya ɗaure shi bayan kuka don kada a gani. Jaji makaɗi ya saki ganga, aka jeru, aka bar masa kuyyar farko. Ya ɗaga garma ya sara, ya sara na biyu. A na huɗu ƙafar ta naɗe, ya zube zaune cikin gero.

Aka kwashe da dariya. Kwana ashirin yana ba su dariya, sun ɗauka wannan ma wasa ne, wai yana kwaikwayon yadda yake a da. Suka wuce shi suna ihu, ƙasa na tashi. Tsoho Hussaini mai gwiwa ya shiga kuyyarsa ya ƙarasa masa ita. Kafin rana ta take tsaka an gama gonar tas.

Samari suka dawo da gudu suka ɗaga shi sama a kafaɗa, wani ya cafki cinyar hagu. Ya kurma ihu, suka amsa masa da nasu, Jaji ya ƙara wa ganga wuta. Sa'a ce kaɗai, tsaye a bakin gona da ƙwaryar fura a ka, ba ta yi dariya ba.

Da aka sauke shi a inuwa, Bube ya tsuguna kusa da shi yana haki, fuskarsa cike da murna.

"Likita, in wata ya kama ka ce ma Bature shi ba ka babba. Wagga ta yi muna kaɗan."

Gajere ya dubi gonar ubansa, fes daga wannan iyaka zuwa waccan, sara uku kacal ne nasa a ciki. Ya goge zufa da hularsa.

"Allah shi kai mu," ya ce.