Kukar da Ke Cikin Tsari

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu kaina bai dawo daidai ba. Ni dai sana'ata ba da hayar banɗakin tafi-da-gidanka. Sai ga ni a ofishin ƙaramar hukuma, an kira ni kan taron duba ido kyauta. Ma'aikatan duk awaki ne, sun sha hula. A waje ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, ba wanda ya damu.

Shugabarsu, wata jar akuya mai tabarau, ta ce, "Malam Ɗanjuma, banɗaki ɗaya za ka kawo."

"Ranki ya daɗe, gari guda fa zai zo. Har da tsofaffi."

"Tsari ya ce ɗaya, na manyan baƙi. Saura su zagaya bayan kuka."

"Wace kuka? Tun ina goye aka sare ta. Gidan mai ne a wurin yanzu."

Ta ce mu tambayi tsarin. Ashe wani tsohon bunsuru ne, yana barci cikin kabad. Aka tashe shi. Ya ce, "Akwai kuka," ya koma barcinsa. Awaki suka yi tafi.

Kawai sai na gan ni a filin taro. Layi ya hau bango ya bi ta rufin asibiti. Can tsakiya ga mahaifiyata, Inna Tabawa, leɓenta ya tsattsage. Na miƙa mata ruwa.

"Kai ni Ɗanjuma, raba ni! In sha, in tsuguna ina? Gaban masu sayar da fetur?"

Tana magana tana ƙanƙancewa, har ta koma kamar buta. Wallahi tsoro ya kama ni. Na ɗauke ta na sa a aljihu, na ruga ofis, matakalar tana gudu ina bin ta.

Na ce wa jar akuya, "To, kuka nawa tsari ya yarda da su?"

Ta leƙa kabad. Bunsuru yana minshari. Ta ce, "Bai ƙayyade ba."

"Ina da kukoki cike da mota. Shuɗaye, masu ƙofa."

"Da sakata?"

"Har da sakata."

Ta buga hatimi da kofato. Muka jera su, nan take suka fitar da ganye. Na laluba aljihu in ce wa Inna ta sha ruwanta, sai na ji wayam. Na zazzage rigar, ina kira, ina kira.

Ƙarar moɗa a bakin randa ce ta tashe ni. Na leƙa tsakar gida. Inna ce, ta ci ado, yau ne taron duba idon, kuma banɗaki ɗaya tak hukuma ta ce in kai. Ta ɗebo ruwa, ta kai baki, ta tsaya. Sai ta mayar da shi cikin randa, ta rufe.