Ƙafar Munkaila

Shekara ashirin da ɗoriya, gidan Salamatu bai san wani mai magani ba sai Baba Kimba wanzami. Tun suna Salaga shi ya cire wa ɗanta Munkaila beli, shi ya yi masa kaciya, kuma da suka dawo Zongon Kumasi shi ya yi ta yi wa mijinta ƙaho har ranar da ƙaho ya daina amfani aka kai shi makwancinsa. To, a damanar da muke magana, tsohon ya ce ƙasusuwansa sun gaji da ruwan kurmi, yana son ya mutu inda ake noman gero. Ya rataya zabirarsa ya bi ayarin masu komawa Arewa. Kwana goma sha biyu da tafiyarsa, wata tsohuwar ƙusa ta shige tafin ƙafar Munkaila a tashar jirgin ƙasa, inda yake dakon huhunan goro.

Askar Baba Kimba ba ta fi ta kowa kaifi ba. Kunnensa ne ya fi na kowa. Salamatu Bazamfariya ce, daga irin ƙauyen da kunyar ɗan fari ta fi ƙarfin wasa. Tun da ta haifi Munkaila ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa dubansa ido cikin ido a gaban mutane ba, in kuwa za ta ba shi tuwo sai ta dangwarar da akushi ta ce wa iska, "Ga shi nan." A garinsu da kakarsa ce za ta ɗauke shi ta yi masa gatan da uwa ba ta da ikon yi. A nan babu kaka. Ita ta goya shi, ita ta yaye shi, fuskarta na kallon wani gefe. 'Ya'ya huɗu ta haifa bayansa, duka huɗun suka koma, kuma kowannensu ta kira sunansa ta yi kukansa son ranta. Wanda ya rage mata a duniya shi ne wanda ba ta da bakin cewa tana so, alhali ko ƙaya ya taka sai ta ji ta a ƙirjinta.

Baba Kimba ya san wannan. In ta tsaya a bakin rumfarsa ta ce, "Baba, in ka sami sukuni ka leƙo, wancan na ɗan ɗingishi," sai ya bar mutum da rabin aski ya biyo ta.

Kwana uku da taka ƙusar, ƙafa ta kumbura ta yi sumul, takalmi ya ƙi shiga. Salamatu ta ɗauki mayafi ta nufi rumfar da ke kusa da masallaci, inda wani saurayin wanzami mai suna Sumana ya gaji wurin zaman tsohon. Haifaffen Zongo ne, hannunsa da kyau, mutane na yabonsa. Ta same shi yana wa wani ƙaho, wasu uku na jira.

"Sannu da aiki. Wancan na gidanmu ne ya ɗan taka wani abu."

"Wane wancan, Mma?"

"Mai dakon nan."

"Oh, Munkaila! Yana ciwo paa, ko kaɗan ne?"

Ga ƙofa an buɗe mata. Abin da ke ranta shi ne ta ce ƙafar ta yi kamar turmi, yaron bai ci komai ba tun jiya, ka taso yanzu don girman Allah. Amma maza huɗu ne zaune suna jinta, kuma harshen da aka horar shekara ashirin ba ya sauya hanya a yini ɗaya.

"Ɗan ƙurji ne," in ji ta, tana duban ƙasa.

Sumana ya ƙulla mata garin magani a ganye, ya ce a barbaɗa, zai leƙo bayan Juma'a. Ranar kuwa Litinin ce. Ta daɗe tsaye da ƙullin a hannu, tana jiran ya ɗago ya dube ta kamar yadda tsohon ke yi. Bai ɗago ba. Ba mugu ba ne, abin da aka gaya masa ya ji. Ta ce, "Allah ya kai mu," ta juya tana jin kamar ta mari bakinta.

Kafin Laraba kumburi ya haura gwiwa, ɗakin ya soma wani wari, zazzaɓi kuma ya kwantar da ƙaton da ke ɗaukar huhun goro shi kaɗai. Mariyama, maƙwabciyarsu mai sayar da koko, ita ta shigo aron rariya ta ji warin. Ba ta tambayi kowa ba, ta fita da gudu ta janyo Sumana da rigarsa. Ya durƙusa ya taɓa ƙafar, ya cire hannu da sauri.

"Mma, ai ka ce ƙurji ne!" Haka Hausar 'yan Zongo take, ba ruwanta da mace ko namiji. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Wannan ya wuce askata. Wallahi ban taɓawa. Ku kai shi asibitin Turawa."

Munkaila na jin an ce asibiti ya yunƙura zai tashi. Wani abokin dakonsa ya shiga can da ƙafa biyu ya fito da ɗaya, da ransa dai, amma yanzu yana zaune a bakin kasuwa yana kallon masu dako suna wucewa. Munkaila ya rantse in aka ɗauke shi zai mirgino daga kan makarar. Duk da haka Salamatu ta je ta gani da idonta. Ta yi rabin yini a barandar asibitin, har wani tafinta ya saurare ta ya ce a kawo shi a duba, in ƙafar ta ruɓe a cire, don rai ya fi ƙafa. Gaskiya ya faɗa, ta kuwa sani. Amma wa zai ɗauko mata ƙaton da ya ƙi a ɗauke shi? Ta biya wajen wani malami ta karɓo rubutu, ta tsaya wajen wani mai saiwoyi da ya shimfiɗa kayansa a bakin hanya, wanda ya ce maganinsa na yi wa basir da ciwon ido da mugun baki duka aiki. Ta dawo gida da ƙulli uku, ba ta dawo da mutum ko ɗaya da za ta damƙa wa ran ɗanta ba.

Da safiyar Alhamis Mariyama ta ce, "Mma, akwai wata Batoniya, 'yar asalin ƙasar nan, a unguwar Bantama, Maame Afra. Manoman da adda ta sare, da mafarauta, duk wajenta suke zuwa. Na ga ƙafar da ta fi wannan, yau mai ita yana hawan giginya."

"A ce na kai shi wajen masu tsafi?"

"Ba tsafi kuraa, ko kaɗan. Ganye ne da wuƙa. Amma ba ta zuwa gidan kowa sai uwar mara lafiya ta je da ƙafarta."

Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Suka bar Munkaila da ƙoƙon ruwa a kusa da kansa, suka ratsa fadama, laka har idon sawu, suka hau tudun Bantama ana yayyafi.

Maame Afra gajeruwar tsohuwa ce mai faɗin kafaɗa, tana zaune a tsakar gida tana niƙa wani ɓawo a kan dutse. Salamatu ta duba faratan tsohuwar ta ga a yanke suke, ta ga wuƙaƙe biyu a cikin tukunyar da ke tafasa, ta ga yadda ta kori kaza daga kusa da tsummokaran da ta shanya. Hankalinta ya ɗan kwanta, karo na farko cikin kwana shida. Tsohuwar ba ta jin Hausa, don haka Mariyama ta zauna tsakaninsu tana juya magana.

Kwana nawa? Shida. Ya wuce gwiwa? Ya wuce. Yana gane mutane? Wani lokaci. Duk Mariyama ke amsawa, har tsohuwar ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.

"Ta ce kai ne uwar, kai za ka yi magana. Ta ce ka faɗi sunansa, da ranar da aka haife shi."

Salamatu ta dubi bango. "Ke gaya mata mana."

"Ta ce daga bakinka take so."

"Yaron gidanmu ne. Ya ɗan ji ciwo."

Maame Afra ta ajiye dutsen niƙa. Ta daɗe tana kallon wannan mata mai busassun idanu, wadda ɗanta ke bakin mutuwa amma tana magana kamar akuyar maƙwabta ce ta karye. A wurin Tonawa ɗa na uwa ne, dangin uwa ne danginsa, kuma in ya kwanta ciwo ana jin kukan uwarsa daga unguwa uku. Sun kuma yarda cewa mayya ba ta cin na waje, jininta take ci. Tsohuwar ta faɗi wata magana gajeruwa, ta ja dutsenta ta ci gaba da niƙa.

Mariyama ta ƙi fassarawa.

"Me ta ce?"

"Ba komai, Mma. Mu je."

Amma Salamatu ta yi shekaru tana sayen ganyen ƙunsa goro a hannun Tonawa, ta san kalmar da suke kiran mayya da ita, kuma ta ji ta a cikin maganar. Mariyama ta shiga yi wa tsohuwar bayani da Tonanci, cewa al'ada ce, kunya ce, haka mutanen Arewa suke da ɗan fari. Maame Afra ta taɓe baki ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Ta ce ba ta taɓa jin mutanen da ke kunyar abin da ya fito daga cikinsu ba. Ta ce ba ta ɓata ganyenta a kan wanda aka riga aka cinye."

Salamatu ta miƙe. Ta yi taku biyu zuwa ƙofa da mutuncinta, kamar yadda uwarta ta koya mata. A taku na uku ta tuna babu sauran inda za ta je. Baba Kimba ya wuce Salaga, Sumana ya ce ba ya taɓawa, kuma ƙoƙon ruwan da ta bari ƙila ma yaron ba shi da ƙarfin ɗagawa. Ta juyo ta zube a cikin laka, ta kama ƙafafun tsohuwar da hannu biyu.

"Munkaila! Sunansa Munkaila! Ranar Talata na haife shi, da hantsi, kwana biyu ina naƙuda. Huɗu na binne, shi kaɗai gare ni. Ni zan ci shi? Ni? Ki yanki tawa ƙafar ki sa masa! Munkaila, wayyo Munkaila!"

Ba ta san tana da irin wannan murya ba. Matan gidan suka fito daga ɗakuna. Mariyama ta buɗe baki za ta fassara, tsohuwar ta ɗaga mata hannu. Ta miƙe ta tsamo wuƙaƙenta daga tukunya, ta cika kwando da ganye, ta ɗora wa Salamatu a ka.

Rana ta yi tsaka suka iso Zongo. Munkaila na kwance yana sambatu, ruwan ƙoƙon na nan yadda aka bar shi. Maame Afra ta latsa ƙafar nan da can, ta sunsuna, ta ce akwai sauran dama in an tsaga yanzu, amma sai ya sha wani jiƙo mai ɗaci tukuna, ya kuma daure. Aka sa Mariyama ta danne cinyarsa. Salamatu kuwa, da yake bakin ya riga ya buɗe, sai ta durƙusa ta ɗora kansa a kan cinyarta, tana shafa goshinsa.

"Munkaila. Munkaila, ɗana, buɗe baki ka sha."

Ya buɗe ido. Ya dubi fuskar da ke kansa, wadda bai taɓa gani kusa haka ba, hawaye na ɗiga daga haɓarta. Tsoro ya cika idonsa, irin wanda ƙusa da zazzaɓi ba su sa masa ba.

"Mma," ya ce a hankali, "ashe abin ya kai haka?"

Ya kau da kai daga ƙoƙon. Ya ce ta yafe masa nonon da ya sha. Ya ce a sallami baƙuwa, kada a wahalar da tsohuwa a banza, sannan ya soma kalmar shahada, jikinsa na saki kamar igiyar da aka kwance. Maame Afra ta riƙe wuyan hannunsa, ta dubi Mariyama ta yi tambaya da sauri: me aka gaya masa? Yanzun nan yana kokawa, ga shi ya bari.

Salamatu ce ta gane. Ta zame cinyarta, ta ajiye kansa a kan tabarma ba tare da lallashi ba. Ta miƙe ta koma kusurwar ɗaki ta juya masa baya, sannan ta yi magana da muryarta ta dā.

"Mariyama, ki gaya wa wancan ya daina mana raki a gaban baƙuwa. Ƙato da shi. In ba zai sha ba a zubar, ni ina da wanki."

Can sai Munkaila ya sauke wani dogon numfashi, har da ɗan guntun murmushi. Ya miƙa hannu yana laluben ƙoƙon, ya shanye jiƙon yana yamutsa fuska, ya cusa bakin zane a tsakanin haƙoransa.

Daga inda Maame Afra take zaune tana ganin gefen fuskar Salamatu, da yadda ta cije bayan hannunta har jini ya fito. Tsohuwar ta dubi uwar, ta dubi ɗan. Sai ta ja kujerarta ta gyara zama, ta sa faffaɗan bayanta tsakaninsu, yadda ko ya waiwaya ba zai ga komai ba. Sannan ta ce a miƙo mata wuƙar.