Lambar Rajistar Baba Chikomo

Shekara huɗu na yi a jami'a, na ƙara guda ina bin manya gida-gida, kafin hukuma ta ba ni lambar rajista ta ma'aikaciyar jin daɗin jama'a. Baba Chikomo kuwa kwana biyar ya yi a wani taron bita a otal, ya ci shinkafa da kaza, ya dawo unguwarmu ta Mkoba ya ce shi ma aikinsa ke nan.

Da can facin taya yake yi a bakin tasha. Ban raina faci ba, sana'a ce, kuma ya iya ta. Shiga gidan mutane ne bai iya ba.

Ambuya Marufu ce ta kawo mini ƙara, tsohuwa mai sayar da tumatir, wadda ke riƙon jikokinta mata biyu tun rasuwar 'yarta. Ta ce Chikomo ya zo gidanta da littafi, ya buɗe tukunya, ya tarar da sadza, tuwonmu na masara, da ganye babu nama, sai ya rubuta cewa yunwa na cin yaran. Washegari ya kwashe su zuwa gidan marayun da ya buɗe a bayan cocinsu, inda baƙi ke zuwa ɗaukar hoto. Ba ta hana ba, ta ɗauka gwamnati ce.

Na je na ga yaran, na rubuta rahoto, muka tafi kotun yara a Gweru. Chikomo ya zo cikin wata kwat da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, ya yi ta zuba kan yadda Ubangiji ya kira shi. Mai shari'a ta bar shi sai da ya gaji.

"Baba, mece ce lambar rajistarka?"

Ya miƙa mata takardar taron bita, har da leda ya sa mata.

"Wannan ta ce ka halarta," in ji ta. "Ni ba halarta na tambaya ba."

A ranar aka mayar wa Ambuya jikokinta. A bakin kotu ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Ɗana, in nama ne damuwarka, ai da ka kawo mana."

Na rubuta wa hukumarmu. Sai bayan wata uku ta iya haifar wasiƙa guda, wai ya daina kiran kansa da sunan aikinmu. Ya sayi fenti ya gyara allon da ke ƙofarsa, ya koma mai ba da shawara kan iyali. Na buga wa hukumar waya, wani ya ce mini wannan sunan ba ya cikin doka, ba abin da za su yi.

Ƙaramar jikar har yanzu in ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa ƙarƙashin gado take shiga. Duk Laraba nake zuwa wurinta, kuma daga bakin shinge nake kiran sunanta.