Uku Cikin Goma

"Shekarunsa nawa?" in ji likitar, biro a hannu, ko zama ba ta yi ba.

"Saba'in," na ce.

Ƙarya na yi. Shekara talatin muna katanga ɗaya da Injiniya mai gyaran rediyo, kuma ni ne ke tona masa asiri duk sanda ya rage shekaru a gaban mutane. Ya haura saba'in da takwas. Da hantsin ranar na kwaso shi a tasina, ya riƙe ciki yana haɗa gumi. Na lura duk amsar da ba ta yi wa likita daɗi ba sai ta ja ɗan layi a takarda, layukan nan kuwa suka ba ni tsoro.

"Ya suma a hanya?"

"A'a." Ƙarya ta biyu ke nan. Ya suma a shataletale, Hajiya matarsa ta ɗauka lumshe ido ya yi.

Likitar ta juya wurinta. "Mama, babbar jijiyar jinin cikinsa ce ta kumbura ta fashe. Shekaru, suma, ƙarfin jini, ƙoda, su muke haɗawa mu yi kirdado. Masu irin lissafinsa, cikin goma kamar uku ke tashi bayan tiyata. In ba a yi ba, ba zai kai yamma ba, amma za mu rage masa ciwo, ki zauna kusa da shi ku yi magana."

"Uku ai mutane ne," Hajiya ta ce. "A yi."

Ana tura gadon zuwa ɗakin tiyata Injiniya ya kamo gefen mayafinta. "Tsaya, akwai maganar da nake so..."

"Ajiye ta sai ka fito. Mutum ba ya gajiya da surutu!" Ta zare mayafin tana murmushi.

Bai fito ba. Bayan awa uku likitar ta zo, ta cire hular kanta tun daga nesa.

Na tare ta a bakin famfo, na faɗa mata gaskiya. Na ce da ta ji saba'in da takwas, da suma, me za ta ce?

Ta daɗe tana wanke hannu. "Da na ce mata ko ɗaya da wuya, Baba. Ƙila kuma duk da haka ta ce a yi."

Ƙila. Ni dai na san so nake a ba abokina dama, sai na ƙwace wa matarsa yininta na ƙarshe da shi. Abin nan yana cina har gobe.

Na samu Hajiya a kan benci, an ba ta hularsa da tabarau a leda.

"Direba, kai ka san shi," ta ce. "Me kake ganin zai faɗa min?"

Na zauna a gefen bencin. Ta ciro tabaran, ta hura musu iska, ta shiga goge su da bakin zaninta a hankali.