Dodon da Auta Yake Ba Ruwa

Mama ta kira ni ina kan babur, da ƙunshin kayan mutane a baya ina neman lambar wani gida. Ta ce, "Ƙaninka yau ma bai taɓa abincinsa ba. Ka zo ka fito da shi daga ɗakin nan, ni na gaji." Na ce ina zuwa, na kashe wayar tun ba ta rufe baki ba, halina ke nan.

Aikina kai wa mutane kaya ne, kuma aikin ya dace da ni, don ni mutum ne da kujera ba ta riƙe ni. Ko a gidan aski ƙafata rawa take yi har sai wanzamin ya dafa mini gwiwa. Auta kuwa tun yana ƙarami in ka ajiye shi a wuri, nan za ka dawo ka same shi. Tun da Baba ya rasu abin ya wuce hali. Ya bar zuwa makaranta, ya daina ɗaukar wayar abokansa, ya ja labule ya kulle kansa da na'urar wasan bidiyo. Tsoron Mama shi ne wata rana a buɗe ƙofar a tarar babu sauran Auta a cikin yaron. Ni ma tsorona ke nan, sai dai ni nawa tsoron da faɗa yake fita.

Da na isa gida na hau bene da gudu, hular kwano na hannuna. A baranda na yi tuntuɓe da tukwanen shukokin Baba, duk sun bushe, har mai hawa bangon nan da yake ji da ita ta zama igiya. Na ture ɗaya da ƙafa na wuce. Mama na tsaye a bakin kicin tana murza gefen mayafinta.

"Ka bi shi a hankali," in ji ta.

"Mama, a hankalin ne ya kai mu nan."

Ɗakin na warin rufaffen wuri, ga farantin abinci a ƙasa an kife shi da wani. Auta na zaune a kan katifa, ya jingina da bango, rimot ɗin wasan a cinyarsa. Bai ɗago ba. Ya ce, "Yaya, rufe ƙofar, haske na dukan allon."

Ban rufe ba. Na tsaya a kansa ina kallon talabijin ɗin. Daji ne mai duhu, ga wani jarumi da takobi a baya, a zaune a ƙasa. A gabansa wata halitta ce ta tare hanya, rabi itace rabi dodo. Jijiyoyinta sun bi ƙasa kamar yatsu, rassanta na lilo cike da ƙaya, a tsakiya kuma wani ƙaton fure ne mai haƙora yana buɗewa yana rufewa.

"Wannan kuma mene ne?"

"Sarƙaƙiya nake ce mata. Ita ke tsaron dajin."

"To ka kashe ta mana ka wuce."

"Ba na so."

Na zagaya ɗakin, na ɗaga riga na ajiye, na leƙa labule na saki. Wayata na ta ƙugi a aljihu, masu kaya na jira. Shi kuwa ya danna wani abu, jarumin ya tashi ya je rafi, ya ciko gora, ya dawo ya zuba a gindin dodon. Rassan suka sauko a hankali suka yi masa inuwa. Ya sake zama.

"Wai abin da kake yi ke nan tun safe? Ban ruwa?"

"In ka sare ta, reshe biyu take fitarwa. In ka ba ta ruwa ba ta taɓa ka."

"Sannu, mai lambu. Shukokin gaske na baranda sun mutu, kai kana nan kana renon na ƙarya."

Ya ci gaba da kallon allon. Na ce masa ya tashi ya yi wanka mu fita, ko zagayen unguwa ne in yi da shi a babur. Ya ce sai an jima. Na san an jiman nan, Mama ta sha ta har ta ƙoshi. Da ya miƙe zai shiga banɗaki sai ya ajiye rimot ɗin a kan katifa, ya ce, "Kar ka taɓa."

A raina na ce ai ga bakin zaren. Yaron nan ya maƙale ne a wuri ɗaya, dodon ya fi ƙarfinsa, kunya ta hana shi faɗa. In aka kawar da abin, wasan ya ci gaba, ya ƙare, ya fito. Haka kaina yake aiki: in hanya ta toshe, a buɗe ta. Na ɗauki rimot ɗin, na shiga jakar jarumin ina dannawa barkatai. Na ga wata kwalba mai hoton wuta. Na jefa.

Ban zaci abin zai yi sauri haka ba. Dodon bai ma yi faɗa ba. Rassan da suka yi inuwa su suka fara kamawa, furen ya buɗe ya yi wata ƙara kamar tsohuwar ƙofa, sai duk ya zube ya zama toka. Kiɗan nasara ya tashi. A kusurwar allon wata 'yar alama ta juya ta ɓace. Daga baya na gane ma'anarta: wasan ya adana abin da ya faru, babu komawa.

Auta na tsaye a bakin ƙofa, hannunsa na ɗigar ruwa. Na yi murmushi, wallahi har da murmushi na yi. Na ce, "Ka gani? Hanya ta buɗe."

Ya daɗe yana kallon tokar. Da zai yi magana muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ihu ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

"Tana numfashi, Yaya. In ka zauna kusa da ita kana jin numfashinta, yana shiga yana fita. Irin na Baba a asibiti, da aka sa masa abin nan a hanci. Ni nake zama da shi ina saurara. Kai ba ka sani ba, kai kullum kana hanyar kantin magani."

Na buɗe baki in ce ai dole wani ya sayo maganin. Gaskiya ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, don haka na rufe bakina. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Ya koma kan katifa ya juya fuskarsa bango. Mama ta leƙo, ta dube ni, ta dubi allon, ta koma.

Ƙafafuna suka ce mu tafi. Akwai kaya a babur, akwai masu jira, kuma na iya fita daga ɗaki fiye da kowa. Na kai har ƙofa. Sai na dawo na zauna a ƙasa kusa da farantin, na fito da wayar na kife ta.

"In aka fara wasan daga farko, tana nan?"

Ya ce, "Tana nan. Amma ba ta san ka ba. Kuma da nisa kafin a kai dajin."

"Nuna mini hanyar."

"Ba za ka iya ba. Sai ka zauna a gabanta ba motsi har ta saba da kai. Kai ko layin mai ba ka iya bi."

"Na ji. Nuna mini."

Ya juyo ya dube ni kamar mai neman inda ƙaryar take. Na fara sabon wasa. Jarumin ya farka a wani ƙauye, na sa shi ya ruga ya yi karo da katanga, na juya ya faɗa rijiya. Wayar na ta ƙugi a kan siminti, gwiwata na rawa, na sa hannu na danne ta.

"Ba wannan ba, na ƙasan," in ji Auta.

"Ba na ganin madannan, duhu ya yi yawa."

Ya yi tsaki. Ya tashi ya ja labulen gefe, rana ta shigo har kan katifa. Daga tagar ana hango barandar da tukwanen Baba, har da wadda na ture tana kwance a gefenta. Ya tsaya yana kallonsu, bai dawo ya zauna ba.

"Wa ya kayar da waccan?"

"Ni ne."

"Je ka tayar da ita," ya ce. "A'a, zauna. Kai sai ka fasa ta."

Na ji ƙarar silifas ɗinsa a falo, na ji famfon kicin ya buɗe. Ban bi shi ba. Na zauna riƙe da rimot ɗin, ina jira ya dawo ya nuna mini hanyar dajin.