Ragar Deiner

Ku yi mini afuwa. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, shi ma a bayan ƙofa. Amma Deiner ƙanena ne, kuma abin da na gani ranar rakiyarsa ya ƙi barina.

Inna Eudosia ce ke renon yaran unguwarmu a gidanta na katako da ke bakin kogi, da izinin hukumar kula da yara. Mata su kai mata 'ya'yansu da safe su tafi wankin zinariya, su ɗauko su da yamma. Ni ma a hannunta na koyi tafiya. Ran nan, bayan yaran sun ci dafaffiyar ayaba da kifi, ta kwantar da su barcin rana. Kowa ya tashi ban da Deiner.

Washegari da hantsi jirgin ruwan hukuma ya iso da mutum biyu: Dakta Pilar da wani siririn mutum mai ɗaukar hoto. Ba likita ba ce. Duk wanda ya sauko daga birni da busasshen takalmi, Dakta muke ce masa. Suka buɗe tukwane, suka sunsuni ruwan sha, suka auna tsayin ragar da Deiner ke barci a ciki, wadda aka ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Sannan suka kulle tagogi, suka gilma doguwar rawayar leda ta hana shiga a bakin ƙofa.

"Daga yau ba ki da izinin taɓa kowane yaro, ko kusantar dangin mamacin, sai an gama bincike," in ji Dakta. "In kika saɓa, an rufe gidan nan ke nan har abada."

"Kowane yaro, Dakta? Har wanda ya riga ya tafi?"

"Shi ne ma kan gaba."

"Ni ce uwar baftismarsa, ni na riƙe shi a coci."

"Ina yi miki ta'aziyya, Inna. Doka ce."

Mu ba ma yi wa ƙaramin yaron da ya rasu kuka, don mala'ika yake zama, hawaye kuwa na jiƙa masa fukafukai. Farar riga ake sa masa da kambin furannin takarda, a yi ta waƙa ana miƙa shi hannu zuwa hannu har ya gane hanya. Amma uwar baftisma ce ke fara ɗaga shi daga kan tebur. In ba ita ba, ba zai san an sallame shi ba.

Da la'asar aka aike ni aron kujeru, na bi ta gidan Inna. Na leƙa ta tsakanin katako. Tagogi a kulle, ba iska, amma ragar tana lilo a hankali, yadda take yi in Deiner ya tokari bango da ƙafa. Yurani, abokiyar wasansa, tana zaune kan matakala tana tsotsar yatsa.

"Inna yake jira ta sauke shi," ta ce mini. "Bai iya sauka da kansa ba."

Na koma ban kawo kujerun ba.

Gidanmu ya cika, sai dai shiru. Deiner na kan tebur cikin furanni. Makaɗa sun ɗora hannuwa kan gwiwa. Mahaifiyarmu na zaune kai a sunkuye, kuma ba wanda ya san ko tana ganin laifin Inna. Dakta da siririn mutumin sun zo yi mata tambayoyi, sun tsaya daga bakin ƙofa suna jira ta ɗago kai.

"Dakta," in ji Kawu Aristóbulo mai ganga, "in teburin ma za ki auna, ga shi nan. Ki hanzarta dai kafin yaron ya yi gemu."

Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan take. A gindin matakala, cikin yayyafi, Inna Eudosia na tsaye da farin ɗankwali. Ba ta hau ba, ba ta tafi ba.

Sai mahaifiyarmu ta ɗago. Ba Dakta ta kalla ba.

"Yaya Eudosia," ta ce, "ya gaji da kwanciya."

Inna ta hau matakalar ɗaya bayan ɗaya. Siririn ya ɗaga abin hotonsa. Da Inna ta zo giftawa, Dakta ta ce ƙasa-ƙasa, "Kin san abin da zan rubuta."

"Na sani, 'yata. Aikinki ne."

Ta sa hannu ƙarƙashin wuyan Deiner, yadda take sauke shi kullum, ta ɗaga shi. Ganga ta tashi, mata suka karɓi waƙa. Ta juya da shi a tsakar ɗaki, ta miƙa wa ta kusa, ta kusa ta miƙa gaba, har layi ya kai bakin ƙofa.

"Miƙo hannu, Dakta," in ji Kawu. "Ba a tsallake mutum."

Ta duba hagu da dama. Ba inda za ta ja da baya. Ta karɓe shi.

"Ba shi da nauyi," ta ce.

Idonta ya ciko. Inna ta yi maza ta goge mata da bakin ɗankwali. "Kul. Kada ki jiƙa mini shi."

Ni ce ke gefenta. Na karɓi ƙanena, na miƙa gaba, hannuwana suka rasa abin yi. Da hankalin kowa ya koma kan waƙar, na sulale ta ƙofar baya.

Rawayar ledar tana nan a gidan Inna, kuma na san ba za a cire ta ba. Yurani ta tafi gida. Na kara ido a tsakanin katako, na daɗe ina jira.

Ragar ta tsaya cak.